Baƙin garin jikin albasa ne ke cinye idon masu ciwon suga?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani saƙon murya ne ke yawo a guruf ɗin danginmu, wata mata na cewa baƙin garin nan da ake gani a jikin albasa in an ɓare ta shi ke shiga hancin masu ciwon suga ya cinye musu ido, wai haka aka yi a Indiya lokacin korona. Har da hoton wani bawan Allah an naɗe masa rabin fuska da bandeji. Ni ina da suga, kuma abincin sayarwa nake yi, kullum hannuna cikin albasa yake. Don Allah masu sani, gaskiya ne? Kuma cutar tana nan wajenmu ko ta can ce kawai?

Abu_Fatima:
Wa alaikumus salam. Ni ma ya iso min. Maiɗakina har ta zubar da rabin kwando, da tsadar nan.

Ɗalibin_Lab:
Hajiya, an haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Baƙin garin albasa funfuna ce, sunanta Aspergillus niger. Ki cire ɓawon da ya taɓa, ki wanke, in albasar ta yi laushi ko ta ruɓe ki yar. Cutar da aka yi fama da ita a Indiya kuwa, mukomaikosis, wani dangin funfuna ne daban ke kawo ta, wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne Rhizopus. Danginsa ne kike gani kamar auduga a kan burodin da ya kwana biyu ko ruɓaɓɓen tumatir. Yana cikin ƙasa, cikin taki, kashin dabbobi, ruɓaɓɓen ganye. Ƙwayoyinsa a iska suke, kusan kowa yana shaƙarsu, mai lafiya jikinsa ya kashe su bai ma sani ba. Baƙin da ake gani a fuskar mara lafiya ba launin funfunar ba ne, naman wurin ne ya mutu.

Injiniya_Bala:
Ina karatu a Pune a jihar Maharashtra lokacin, 2021, daidai sanda korona ta dawo karo na biyu. Ba ƙarya ba ne, abin ya yi muni. Cikin 'yan watanni an ƙirga mutum sama da 40,000 a faɗin ƙasar, Maharashtra da Gujarat suka fi shan wuya. A watan Mayu gwamnatin tarayyarsu ta nemi jihohi su riƙa kai rahoton duk wanda ya kamu. Maganin ya yi ƙaranci, za ka ga dangin mara lafiya suna cigiyarsa a intanet dare da rana. Amma ba a kan albasa likitocinsu suka ɗora abin ba. Yawancin waɗanda suka kamu masu suga ne da suka yi korona aka ba su sitiroyid, maganin rage kumburi, sugan ya ƙara haurawa. Wasu ma sai a gadon asibiti suka san suna da suga.

Malam_Sabo:
To in haka ne ai ciwon can ne. Ni da girmana ban taɓa jin wanda ya yi shi a nan ba. Kada a tsorata mutane, mai suga da ma yana cikin damuwa.

Likitan_Hanci:
Maman Hanifa, ki kwantar da hankalinki a kan albasa, ɗalibinmu ya faɗi daidai. Tambayarki ta biyu ce mai nauyi. Malam Sabo, Allah ya ƙara girma, cutar tana nan, kuma ta girmi korona nesa ba kusa ba. Ba ta da yawa, likita zai daɗe bai ga ko ɗaya ba. Sai dai in ta zo, a gida ba da sunanta ake kiranta ba. Za a ce daji ne, ko ciwon haƙori ne ya taɓa ido, ko jifa. Shi ya sa ba ka ji ba.

Dalilin da ya sa ta fi kama mai suga: idan suga ya hau ƙwarai kuma babu isasshen insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, jiki yakan koma ƙona kitse, wani sinadari mai suna kiton ya taru, jini ya yi tsami. A asibiti DKA muke cewa. A wannan hali fararen ƙwayoyin jini da ke cinye ƙwayar cuta sukan yi sanyi. Sannan sinadarin ƙarfe da ke ɗaure cikin jini ya kwance, wannan funfunar kuwa da ƙarfe take ƙiba. Ga suga, ga ƙarfe, ga masu gadi sun raunana.

Takan fara daga kogunan iska da ke cikin ƙashin fuska, gefen hanci. Mugun halinta shi ne kutsawa cikin jijiyar jini. In ta shiga jinin wurin ya daskare, naman da jijiyar ke ciyarwa ya mutu ya yi baƙi. Tsakanin waɗannan koguna da kwarmin ido ƙashi ne siriri ƙwarai, daga ido kuma ƙwaƙwalwa ba nisa. Tafiyar nan cikin kwanaki take yin ta, ba watanni ba.

Abin da nake roƙon duk mai suga da danginsa su riƙe: ciwo ko kumburi a ɓari ɗaya na fuska, hanci ɗaya ya toshe yana fitar da majina mai duhu ko mai jini, kunci ya mutu kana taɓawa ba ka ji, haƙoran sama su fara girgiɗi ba dalili, fatar ido ta sauko, ido ya turo ko gani ya rabu biyu, baƙin tabo a ganɗa ko cikin hanci. Ba a jira sai baƙin ya fito. In ya fito an riga an yi nisa.

Baban_Sadiq:
Malam Sabo, wallahi tana nan, a gidanmu ta sauka. Yayana direban babbar mota ne, ya daɗe da suga, allura yake yi. Da kuɗin insulin ya fi ƙarfinsa sai ya riƙa tsallakewa, bai gaya wa kowa ba. Da ciwon haƙorin sama na hagu abin ya fara. Ya sha maganin kemis, bai lafa ba, ya je wani ƙaramin wuri aka cire haƙorin, ba wanda ya gwada sugansa. Ramin ya ƙi warkewa, kunci ya kumbura. Gwaggonmu ta ce daji ne, aka kawo na shafawa da na turare. Ranar da na je gaishe shi na tarar idon hagu a rufe, sai ya sa yatsa ya ɗaga fatar kafin ya gan ni. Yana ta amai, yana jan numfashi da ƙarfi kamar wanda ya yi gudu. Na ce ya buɗe baki na haska da fitilar waya, sai ga wani baƙin tabo a ganɗarsa, busasshe, girman kwabo. Na taɓa da tsinken sakace, bai ji komai ba.

A babban asibiti aka yanki naman wurin aka kai lab, aka yi hoton CT. An cire masa ƙashin muƙamuƙin sama na wannan ɓarin, aka sake komawa tiyata aka cire idon. Yana raye, alhamdulillahi. Amma in ya sha ruwa ta hanci yake fitowa, maganarsa ba a ganewa, sai da likitocin haƙori suka yi masa wani faranti na roba da ke toshe ramin. Tuƙi ya ƙare. Filin da ya saya domin ya gina wa yara shi aka sayar.

Nana_Aisha:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa kaffara ne. Likita, ana ɗauka daga mai ita? Masu jinya fa?

Likitan_Hanci:
A'a Nana, ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ku ci tare, ku kwana ɗaki ɗaya, ba komai.

Malam_Sabo:
Allah ya ba shi lafiya, Baban Sadiq, na ji kuma na karɓa. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne cire ido. Tunda an gano ƙwayar kuma akwai maganinta, me ya sa ba za a ba shi magani a bar masa halittarsa ba? Likitocinmu suna da saurin wuƙa. Na san mutum biyu da aka ce sai an yanke musu ƙafa suka ƙi, ɗayan yana nan yana tafiya da ƙafarsa.

Likitan_Hanci:
Malam, tambayar da kowane dangi ke yi min kenan, kuma tana kan hanya. Magani ta jini yake tafiya. Wurin da ya yi baƙi kuwa jini ya daina zuwa. Ka ɗauki fangalin da aka toshe masa hanyar ruwa a lambu, ko ka kwana kana ban-ruwa daga sama ba abin da zai isa gare shi. Funfunar tana zaune cikin mataccen naman inda magani ba ya kaiwa, tana ci gaba da cin na kusa. Dole a kankare har a kai inda nama ke fitar da jini, wani lokaci a koma sau da yawa.

Kuma ba kowa ake cire wa ido ba. Wanda ya zo tun tana cikin hanci, ta ƙofar hancin ake shiga da kyamara a share, ko tabo ba za a gani a fuska ba. Ido sai in ya riga ya mutu kuma ana tsoron ta bi ta nan ta hau ƙwaƙwalwa. In ta hau, ga shanyewar ɓarin jiki, ga suma, ga ƙurji cikin ƙwaƙwalwa, tsira ta yi wuya ƙwarai. Ko da an haɗa duk waɗanda suka kamu, kusan rabinsu ba sa tashi. Wannan ne ya sa kake ganin muna gaggawa.

Mai_Kemis_Fagge:
Na ga an fara ambaton kemis. Jama'a a yi mana adalci. Mutum ya zo da ciwon haƙori da dubu ɗaya a hannu, ka ce ya je asibiti ya ce ba shi da kuɗin kati, me za ka yi? Likita, tambaya: fulukonazol da muke sayarwa ai maganin funfuna ne. In an fara ba da shi da wuri ba zai rage ba?

Harhaɗa_Magani:
Ba zai taɓa ta ba ko kaɗan, ɗan'uwa. Fulukonazol na irin su kandida ne, funfunar da ke kawo ƙaiƙayin gaba, wannan dangin ba sa jin sa. Borikonazol ma da ya fi shi ƙarfi ba ya kashe su. Ba da shi ɓata kwanaki ne kawai, kwanakin nan kuwa su ne ran mutumin. Maganin farko amfoterisin B ne, ta ƙarin ruwa, a kwance a asibiti, makonni ana yi. Tsohon samfurinsa ya fi araha amma yana wahalar da ƙoda, yana zubar da sinadarin fotasiyom, ga rawar ɗari lokacin da yake shiga. Ka tuna mai suga da yawa ƙodarsa da ma ta gaji. Sabon samfurin da ake naɗe shi cikin kitse ya fi sauƙi ga ƙoda, sai dai tsada. Lissafa da kanka: ana ba da aƙalla miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum kullum, kwalba ɗaya miligiram 50 ce. Mai kilo 60 kwalba 6 kenan a rana. In ya samu sauƙi akan koma da shi kan fosakonazol ko isabukonazol, su ma ba a kowane gari ake samu ba.

Baban_Sadiq:
Tsohon samfurin aka yi wa Yaya. Bargo biyu muke lulluɓa masa cikin zafin nan gadon na karkarwa. Kullum sai an ɗebi jini a duba ƙoda.

Ummi_Zariya:
Injiniya ya ambaci sitiroyid kowa ya wuce. Ku tsaya a nan. Deksa ɗin nan da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, da haɗin sha-ka-fashe, ba shi ba ne? Ana sayar da shi kamar alewa. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ma shi ake haɗa musu cikin ƙullin magani, su ji daɗi su riƙa komawa. Kakarmu fuskarta ta yi fam muna cewa ta murmure, ashe shi ne.

Nas_Rakiya:
Shi ne, Ummi. Deksametason da firedinisolon suna ɗaga suga kuma suna danne garkuwar jiki, abu biyun da likita ya lissafa. Magunguna ne masu ceton rai in likita ya rubuta da dalili, a korona mai tsanani ma sun ceci mutane da yawa. Shansu barkatai ne bala'in. Amma don Allah a kula: wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci ɗaya, jiki na iya faɗuwa. A je asibiti a rage masa a hankali, a gwada sugansa.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni ma mai ciwon sukari ne, allura nike. Abin da Baban Sadiq ya ce na tsallake allura, nan ma shi ne damuwarmu. Sannan ga zafi, ga rashin wuta. Wani sa'in mutum yana allurar amma ba ta aiki don zafi ya lalata ta. Ni cikin ƙaramin tulu nike ajewa, in sa shi cikin babba da jiƙaƙƙen rairayi tsakani. Kuma in kun ce suga 7 ko 15 ba mu ganewa, mu nan da giram ake gaya mana.

Nas_Rakiya:
Dabarar tulun tana da kyau, Malam, a dai sa kwalbar cikin leda ko gwangwani kada ruwa ya taɓa ta, kuma a inuwa. Masu firji kada su sa a wajen ƙanƙara, insulin da ya daskare ya lalace. Kwalbar da aka fara amfani da ita kamar mako 4 take yi. Lissafin kuma: 7 namu shi ne 126 a wasu na'urorin, shi ne 1,26 naku. Daga nan ake cewa mutum yana da suga in an gwada kafin karin kumallo. Na'ura in ta rubuta HI, ta wuce abin da za ta iya ƙirgawa, asibiti kai tsaye. Haka in ga ƙishirwa da yawan fitsari sun haɗu da amai, ciwon ciki da numfashi mai zurfi, irin yadda Baban Sadiq ya tarar da yayansa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku yi haƙuri da tambayata, mata da yawa na son yi suna jin nauyi. Ƙaiƙayin gaba da farin ruwa da ke yawan dawo wa mace mai suga, an ce shi ma funfuna ne. Zai iya rikiɗa ya zama wannan?

Likitan_Hanci:
Ba ya rikiɗa, Hajiya. Wancan kandida ce, tana da yawa, tana jin magani. Yawan dawowarta dai alama ce suga bai daidaita ba, kuma akwai sababbin magungunan suga masu fitar da shi ta fitsari da ke ƙara ta, sai a gaya wa likita. Tunda an buɗe wannan ƙofar, in ƙara biyu. Mukomaikosis na iya kama huhu, tari da zazzaɓi har da jini, a yi ta ba mutum maganin tarin fuka ba sauƙi. Tana iya shiga ta rauni in ƙasa ko taki ya taɓa, gefen ciwon ya yi baƙi yana faɗaɗa. Sannan dattijo mai suga da kunne ke masa ciwo mai hana barci yana ruwa, ɗigo ya ƙi yi, a kawo shi. Yawanci bakteriya ce, wani lokaci funfuna, kuma tana cin ƙashin gindin kai.

Ɗalibin_Lab:
Ƙari a kan gwaji: ba a cika ganin ta a gwajin jini ba. Sai an kawo naman wurin, a madubin lab zarenta faffaɗa ne kamar kirtani, ba gaɓoɓi sosai. Don haka in an ce za a yanki nama kada dangi su hana. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 da suka fi barazana, wannan dangin na ciki.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Albasa dai na fahimta. Amma maganarku ta sa na ɗauko na'urar da na daɗe ban taɓa ba, ta nuna 17 ban ci komai ba. Metfomin, maganin sugan da nake sha, na ajiye shi na koma garahuni da shuwaka. Kuma ina mura tun shigowar hazon nan, duka hancin biyu. Hankalina ya tashi.

Likitan_Hanci:
Murar da ta kama hanci biyu da atishawa lokacin hunturu ba ita muke magana ba. 17 ɗin ce ba ta yi min ba. Ki je asibiti yau, ki ce a duba kiton a fitsari, ki faɗa musu gaskiya cewa kin ajiye magani. In ciwo ya koma ɓari ɗaya ko kika ji kunci ya mutu, sashen kunne, hanci da maƙogwaro za ki nema. Akwai shi a asibitocin koyarwa na Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri, ga kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Malam_Sabo:
Garahuni dai kada a raina shi, iyayenmu sun sha. Ni ina haɗawa da na asibiti kuma ina ganin amfaninsa. Maganar cire ido har yanzu da a ce ni ne sai na nemi likita na biyu.

Baban_Sadiq:
Nemi, Malam, haƙƙinka ne, amma a ranar. Mu shawarar dangi muka tsaya yi, ana jiran kawunmu ya zo daga ƙauye, idon da ke ɗan ganin haske ya daina.

Mai_Kemis_Fagge:
Har yanzu ba a amsa min ba. Gobe wani zai shigo shagona da kumburin kunci, ba shi da kuɗin mota balle na hoto. In kore shi?

Nas_Rakiya:
Kada ka kore shi, kada kuma ka ƙulla masa magani. Tambaye shi ko yana da suga, ka gwada a take, ka haska ganɗarsa da cikin hancinsa. In suga ya hau ga kumburi a ɓari ɗaya, rubuta a takarda abin da ka gani da adadin sugan, ka kira wani nasa ka gaya masa baki da baki cewa yau za a kai shi sashen gaggawa. Takardar nan tana sa a duba shi da wuri.

Mai_Kemis_Fagge:
Zan iya wannan. Tsinken gwajin ne ya yi tsada yanzu, ba kowa zai biya ba, amma zan ware wasu. Kuɗin amfoterisin ɗin fa, Harhaɗa_Magani, inshorar lafiya tana ɗauka ko duk a kan dangi yake?

Abu_Fatima:
Ni ma ina jiran amsar wannan. Kuma Likita, mahaifina mai suga ne, shi ke kwashe takin turke da hannunsa duk shekara ya kai gona. In hana shi, ko takunkumi da safar hannu sun isa?